Fensir da Hoton Baƙi da Fari: Yadda Aikin Ajinmu Yake Tafiya a Kaduna

16 ga Nuwamba, 2024

Yau Asabar muka fara wani sabon aiki a ajin zanen da nake koyarwa a Tudun Wada, kuma na yi niyyar riƙa rubuta yadda yake tafiya domin amfanin masu koyon zane da fensir waɗanda ba su da malami a kusa da su. Matsalar da ta sa muka ɗauko aikin ta daɗe tana damuna. Ɗaliban sun iya fitar da siffar abu, domin idan aka ajiye musu buta ko ƙwarya za su zana kewayenta daidai gwargwado, amma da zarar an zo wajen saka inuwa sai zanen ya kwanta a kan takarda, babu tudu babu kwari, komai ya zama toka-toka iri ɗaya. A ganina hannunsu ba shi da laifi, idon ne bai saba raba launi da haske ba. Ido yana fara ganin ja da kore da shuɗi, fensir kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya mallaka kawai shi ne tazarar da ke tsakanin farin takarda da iyakar baƙin da bakinsa zai iya bayarwa.

Tsarin da muka amince da shi mai sauƙi ne. Kowa zai zana abin da ke gabansa da ido tukuna, waya tana aljihu. Sai an gama sannan a ɗauki hoton abin daga daidai wurin da mai zanen ya zauna, a cire masa launi gaba ɗaya, a ɗauki hoton zanen shi ma, a jera su biyun a fuskar waya a duba. Na dage a kan wannan jeri ne saboda ina son hoton ya zama ma'aunin da za a gwada zane da shi bayan ido ya yi nasa aikin, ba abin da za a zauna a kwafa ba. Ba a buƙatar kyamara mai tsada, tunda kowace wayar zamani tana da wurin da ake rage launin hoto har ya ƙare.

30 ga Nuwamba, 2024

Wannan zaman da na makon jiya sun tafi ne a kan haɗa tsanin toka, wato jerin ƙananan akwatuna a gefen takarda da suka tashi daga fari fat suka ƙare a baƙi ƙirin. Kafin nan sai da muka san kayan aikinmu. Bakin fensir haɗin girafait (wani baƙin ma'adini mai laushi) ne da yumɓu, hanyar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795 lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafait ɗin Ingila. Idan yumɓu ya yi yawa sai fensir ya yi tauri ya ba da layi mai haske, su ne masu harafin H. Idan ya yi kaɗan sai ya yi laushi ya ba da duhu, su ne masu harafin B. HB ɗin da kowane ɗan makaranta ya sani yana tsakiya, shi ya sa zanen da aka yi da shi kaɗai yake fitowa a koɗe. Mun tsaya a kan 2H da HB da 2B da 4B da 6B, waɗanda ake samu a shagunan kayan rubutu na cikin gari.

Masu hoto sun riga mu auna wannan tazara. Wajen shekarar 1940 Ansel Adams da Fred Archer a Amurka suka raba ta zuwa matakai 11, daga 0 mai baƙi ƙirin zuwa 10 mai fari fat, na 5 kuma yana tsaye a tsakiya. Hoton da waya take nunawa yawanci yana da matakai 256. Idon mai koyo ba zai iya bambance wannan yawa ba, saboda haka muka taƙaita namu zuwa biyar, kuma kowa ya manna nasa a bangon littafin zanensa.

Hoton baƙi da fari ya fara yi mana amfani tun a nan. Waɗanda suka danna 6B da ƙarfi domin samun akwatin ƙarshe sun ga ya fito a hoto da sheƙi kamar ƙarfe, har ya fi na kusa da shi haske, domin girafait idan aka matse shi yana daddale ramukan takarda ya zama sumul ya riƙa mayar da haske. Duhu mai kyau ana gina shi ne a hankali, shafi a kan shafi, da fensirin da aka fiƙe sosai da reza.

14 ga Disamba, 2024

Na aiki ɗaya daga cikin ɗaliban ya sayo kayan miya, muka jera tumatir da tattasai da alayyafo da albasa a kan faifai, muka ƙara ayaba nunanna da wata shuɗiyar butar roba a gefe. Kusan kowa ya bar tumatirin da haske saboda jansa yana cika ido, ya kuma danne ganyen da duhu. Da muka cire wa hoton launi sai ga tumatir da alayyafo sun zama kusan toka ɗaya, ayabar ta matso kusa da fari, butar kuma ta yi duhu fiye da yadda kowa ya zata.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci ido. Ba daidai yake karɓar haske daga kowane launi ba, kuma ƙa'idar da talabijin na zamani yake bi wajen lissafa hasken hoto tana ba kore kusan kashi 72 cikin 100, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Ruwan ɗorawa, da yake a hasken fuskar waya haɗin ja da kore ne, yakan fito da haske ƙwarai, shi ya sa ayabar ta tashi. Ja kuwa yana da ƙarfin jan hankali amma ba shi da yawan haske, kuma koren ganye ba koren nan mai walƙiya ba ne, mai duhu ne, don haka suka haɗu a mataki guda.

Wata ɗaliba ta yi tambayar da ta dace. Ta ce, "Malam, to idan duk toka ɗaya ce, ta yaya mai kallo zai gane wanne ne tumatir?" Amsar ita ce ta cinye sauran zaman. Fatar tumatir sumul take, saboda haka tana ɗauke da ɗan ɗigon haske ƙarami mai kaifin gefe, wanda dole a bar masa farin takarda tun daga farko. Ganye kuma ba ya ƙyalli, yana da jijiyoyi da lanƙwasa, haskensa a baje yake. Wannan bambancin fata shi ne yake maye gurbin launi a zanen fensir. Bayan haka mai zane yana da ikon ɗan tura ɗaya sama da mataki ɗaya ya sauko da ɗayan domin su rabu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Masu hoto na zamanin da ake sa fim a cikin kyamara suna yin haka da gilashi mai launi da suke ɗora wa kyamara: jan gilashi yana haskaka jan abu ya duhunta kore da shuɗi, koren gilashi kuma yana haskaka ganye. Manhajojin gyaran hoto da yawa suna kwaikwayon waɗannan gilasai, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ɗaliban suka ga faifai guda ya ba da hotuna mabambanta. Ina son su riƙe wannan tun da wuri, cewa hoton baƙi da fari ma zaɓi ne wani ya yi, ko mutum ko na'ura.

4 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sai muka fita gaɓar Kogin Kaduna ta wajen Gamji da safe. Ruwa ya ja baya a wannan lokaci, duwatsu sun fito, kuma babu lokacin da ya fi wannan dacewa da koyon nisa. Ƙurar da ke cikin iska tana warwatsa haske, saboda haka duk abin da ya yi nisa duhunsa yana raguwa, gefunansa suna narkewa. Ɗalibi ya san bishiya duhu gare ta, sai ya ɗauki 4B ya zana itatuwan tsallaken kogi da irin nauyin da ya ba dutsen da ke gaban ƙafarsa, nan take nisan ya rushe. Hoton ya nuna musu cewa wuri mafi duhu a tsallake bai kai ko tsakiyar tsaninmu ba. Muka sake zanen bisa sharaɗin cewa tsallake na 2H ne, tsakiyar kogi na HB da 2B, 6B kuma ba zai taɓa komai ba sai abin da ke kusa. Kafin mu tashi wasu sun zana tsohuwar gadar ƙarfen nan ta Lugard da aka taso da ita daga Zungeru, wadda sandunanta suka fito baƙi a kan farin hazo ba tare da buƙatar wata inuwa ba.

25 ga Janairu, 2025

Mun ajiye tukunyar ƙasa kusa da tukunyar alminiyum irin wadda ake ƙerawa a Panteka, muka rufe ƙofa muka bar taga ɗaya. Siffarsu kusan ɗaya ce, amma haske bai zauna a kansu iri ɗaya ba. A jikin ta ƙasa yana tafiya sannu a hankali daga haske zuwa duhu, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A jikin ta alminiyum kuwa fari da baƙi suna maƙwabtaka kai tsaye, domin ƙarfen yana nuna abin da ke kewaye da shi ne, da tagar da bangon da duhun ɗakin.

Abu biyu hoton ya fito da su waɗanda babu su a zanen kowa. Na farko, wuri mafi duhu a jikin tukunyar ƙasa ba can ƙarshen gefenta yake ba, yana ɗan ciki, domin tabarmar da take kai tana mayar mata da haske kaɗan daga ƙasa. Da suka gano wannan sai wasu suka wuce gona da iri suka goge wurin da magogi har ya yi fari, alhali hasken da ya dawo bai taɓa kai hasken ɓangaren da ke fuskantar taga ba. Na biyu, babu wani baƙin layi da ya kewaye tukunyar. A wani wuri gefenta ya fi bango duhu, a wani wuri ya fi shi haske, a wani wuri kuma sun haɗe har ba a iya raba su. Cire wannan layin kewaye shi ne abin da ya fi yi wa ɗaliban wuya, saboda da shi aka koya musu zane tun firamare.

15 ga Fabrairu, 2025

Wannan ne zaman da na fi jira, domin zanen fuskar mutanenmu shi ne inda kuskuren ya fi muni. Mai koyo yana cewa a ransa wannan mutum baƙi ne, sai ya shafe fuskar duka da 4B, ya bar ido da haƙori fari fat, sakamakon ya fito ba kama, ba mutunci. Wasu ɗaliban ba sa zana abu mai rai bisa fahimtarsu ta addini, na ba su babbar riga da hula a rataye su yi aiki a kansu, sauran kuma suka zana ɗan'uwansu da ya yarda ya zauna kusa da taga.

Abin da hoton ya nuna ya saɓa wa abin da suka zana ƙwarai. Baƙar fata tana ɗaukar hasken sama sosai, musamman idan an shafa mai saboda hunturu, don haka goshi da karan hanci da saman kunci da leɓen ƙasa sun tashi har mataki na biyu a tsaninmu, yayin da ƙarƙashin haɓa da ramin ido suka sauka zuwa na biyar. Fuska ɗaya ta cinye kusan tsanin gaba ɗaya. Farin ido kuma ba fari ba ne, toka ce, tunda yana cikin inuwar gira. Haka farar rigar: lanƙwasar da ke cikin inuwa ta fi goshin mai zaman duhu, abin da babu wanda ya yarda da shi sai da muka huda ƙaramin rami a jikin wani kati muka riƙa leƙa wuraren biyu ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ido ya gani bisa abin da ta riga ta sani, kuma Edward Adelson na jami'ar MIT ya nuna haka a 1995 da hoton wani allo mai gidaje baƙi da fari, inda gida biyu masu toka iri ɗaya suke bayyana ɗaya fari ɗaya baƙi saboda inuwar da ta faɗa a kan ɗayan. Katin mai rami yana katse wannan gyara, haka ma ƙanƙance idanu yayin kallo.

Na nuna musu aikin masu hoto biyu na nahiyarmu. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ya fi aiki da hasken rana, yana zaunar da mutane sanye da atamfa a gaban labule mai ado, amma duk da cunkoson adon fuskar ce take fara kama ido, saboda yadda hasken ya zauna a kanta. J. D. 'Okhai Ojeikere na ƙasarmu kuwa ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Duk mai son zana gashi ya dubi waɗannan hotuna, zai ga ba sili-sili ake zana shi ba. Dunƙule ne mai tudu da kwari, haske yana bin bayan kowace igiyar kitso, duhu yana kwance a tsaga.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim ya leƙo ajin, muka ba shi kujera. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, a lokacinku da babu manhaja, idan fuska ta fito da duhu yaya kuke yi?" Ya ce, "Yaro, da hannu muke yi. A ɗakin wanke hoto, idan haske yana sauka a kan takarda, sai in sa tafin hannuna in tare wajen fuskar na ɗan lokaci don kada ta ƙone, farar rigar kuma in ƙara mata lokaci har aikin wuyanta ya fito." Wannan daidai yake da aikin magogi da fensir a hannunmu, kuma na ji daɗi da suka ji shi daga bakin wanda ya yi shi shekara da shekaru.

8 ga Maris, 2025

Saboda azumi mun rage zaman zuwa na safe kawai, muka yi shi a kan inda waya take ruɗin mai zane. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin jawo komai zuwa toka ta tsakiya, saboda haka farin bango yakan fito da dauɗa-dauɗa, baƙin mayafi kuma ya fito a koɗe. Wayoyin yanzu suna ƙara wani abu, suna haɗa hotuna da dama a ɗauka ɗaya domin su haskaka inuwa, sai hoton ya fito ba shi da duhu na gaske, wanda shi ne ainihin cutar da muke neman magani. Mun koyi taɓa wurin da ya fi muhimmanci a fuskar waya mu ja hasken ƙasa har sai fari ya daina ƙonewa. Haka nan idan an matso da waya kusa da fuska hanci yana girma kunnuwa su ƙanƙance, don haka a ja da baya a ɗauka daga nesa. Shi kuma zanen a ɗauke shi a inuwa mai haske, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, don kada girafait ya yi ƙyalli.

12 ga Afrilu, 2025

Mun dawo bayan Sallah cikin zafin bazara, hazo ya tafi, rana tana yanka inuwa mai kaifi. Muka zana ƙubbar Masallacin Sultan Bello daga nesa da hantsi. Tazarar da ke tsakanin bangon da rana ta buga da inuwar ƙofa ta fi abin da takarda za ta iya ɗauka nesa ba kusa ba, saboda haka dole kowa ya yanke shawara: ko ya kashe matakansa a ɓangaren haske ya bar inuwa ta zama dunƙulen duhu, ko ya buɗe inuwar ya bar bangon ya zama farin takarda zalla. Zane biyu mafi kyau da aka yi yau sun bi hanyoyi biyun nan mabambanta, kuma babu wanda ya yi kama da hoton wayar sak.

Na ƙara sabon sharaɗi. Kafin a fito da waya, kowa zai rubuta lamba daga 1 zuwa 5 a kan manyan sassan zanensa, sannan a duba hoto a ga inda hasashensa ya dace. Yawancinsu yanzu suna dacewa a kan haske da duhu, amma matakai na biyu da na uku har yanzu suna cakuɗe musu, musamman a kan abu mai ja.

An yi muhawara a ajin da ba ta ƙare ba. Wasu samarin suna son a koma hanyar da suke gani a Instagram, inda ake raba hoto gida-gida a kwafe shi har ya zama ba a bambance shi da na kyamara, domin irin wannan zane ne masu biki suke biyan kuɗi a kansa. Ban raina wannan sana'a ba, tana koyar da haƙuri da tsabtar hannu, kuma neman halal ce. Damuwata ita ce wanda ya fara da ita yana kwafar shawarar da waya ta riga ta yanke, har da kurakuranta, kuma ranar da aka zaunar da mutum a gabansa babu hoto ba zai san ta inda zai kama ba. Mun tsaya a kan cewa za a ware mata zama ɗaya a wata, sauran kuma a ci gaba da zana abu da ido tukuna.

Saura matsala guda da muke son warwarewa kafin damina ta sauka. Fuskar waya haske take fitarwa da kanta, takarda kuwa mayar da shi take yi, saboda haka farin hoto a waya kullum ya fi farin zanenmu ƙarfi, kwatancen bai cika adalci ba. Mun yi karo-karo domin a buga mana wasu hotunan a takarda marar sheƙi, mu riƙa ɗora tsanin toka a kansu kai tsaye. Idan an samu bugun kafin Asabar mai zuwa da shi za mu fara, da hoton tukwanen nan biyu da na kayan miya, sannan mu jira hadarin farko domin gwada 2H da magogi a kan gajimare.